Babur ɗin haɗi: yadda ake ƙera shi da yadda doka ke karɓar sa a kan titi

Babur ɗin haɗi shi ne wanda bai fito daga masana'anta a siffar da ake ganin sa ba. Ko dai an tattaro sassansa daga babura daban-daban aka harhaɗa, ko an yanke firam ɗinsa aka sauya masa tsari, ko kuwa an ƙera masa sabon firam tun daga tushe. Bakanike da mai walda ne ke yin aikin, amma samun izinin hawa titi yana hannun hukuma. Ita kuwa hukuma, abin da take fara tambaya shi ne asalin babur ɗin: daga ina firam ya fito, daga ina inji ya fito, kuma wace takarda ce ke tabbatar da hakan. Wanda ya bar wannan tambaya sai bayan an gama fenti, sau da yawa yakan tarar ya kashe kuɗi a kan abin da ba zai iya yi wa rajista ba.

Asalin al'adar

A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasa sun riƙa cire duk wani abu mai nauyi daga manyan babura irin su Harley-Davidson domin su ƙara gudu. Daga baya aka koma yanke firam da tsawaita ƙafar gaba, salon da fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yayata a duniya. A Birtaniya kuma, a shekarun 1950 da 1960, matasan da ke taruwa a wuraren shan shayi irin su Ace Cafe na Landan sun shahara da babur mai suna Triton, wanda ake ɗauko injin Triumph a ɗora a firam ɗin Norton, saboda ɗaya ya fi ƙarfin inji, ɗayan ya fi riƙe hanya.

A Arewacin Najeriya buƙata ce ta haifar da sana'ar, ba ado ba. Iri na farko shi ne babur ɗin da ake tayarwa daga kayan kwance: firam daga wanda ya yi haɗari, inji daga wanda ya tsufa, sauran sassa daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Na biyu shi ne babur mai ƙafa uku da ake yi wa masu lalurar ƙafa, musamman waɗanda shan-inna ta taɓa, inda ake ƙara taya a baya, a mayar da giya da birki zuwa hannu. Na uku shi ne wanda ake yi wa akwatin ɗaukar kaya. Na huɗu, wanda ya ƙara jan hankali tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, shi ne cire injin fetur a maye gurbinsa da na lantarki da batir.

Abin da ke riƙe da rai a jikin babur

Firam shi ne ƙashin bayan babur, kuma wuyansa, inda ƙafar gaba ke juyawa, shi ne wurin da ya fi ɗaukar wahala. Kusurwar wannan wuya ce ke tsara halin babur a kan hanya. Idan aka kwantar da ita aka tsawaita ƙafar gaba, babur yakan natsu a miƙaƙƙiyar hanya amma ya yi nauyin shan kwana. Idan aka miƙar da ita fiye da kima, yakan yi saurin juyawa, kansa kuma ya riƙa rawa in an yi gudu. Saboda haka waldar da aka yi a wuya ba tare da awo ba tana iya karkatar da tayar gaba daga layin ta baya, abin da ido ba ya gani sai an hau.

Birki shi ne abu na biyu. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur, domin nauyi yakan koma gaba idan aka taka. Wanda ya ɗora inji mai ƙarfin cc 150 ko 200 a firam ɗin da aka tsara wa cc 100, ya bar birki da tayoyi da shokozoba yadda suke, ya ƙara gudu ne bai ƙara ikon tsayawa ba. Mai ƙafa uku kuwa yana da tasa matsalar: ba ya kwantawa a kwana kamar mai ƙafa biyu, don haka idan wurin zama ya yi tudu ko tazarar tayoyin baya ta yi kaɗan, yana iya kifewa. A na lantarki, nauyin batir da inda aka ajiye shi suna sauya daidaiton babur, kuma batirin litiyam yana buƙatar na'urar da ke kula da cajinsa da akwatin da ruwa ba ya shiga, in ba haka ba yana iya kama wuta.

Sai kayan da ake duba wa kowane babur kafin a ce ya dace da hanya: fitilar gaba, fitilar baya da ta birki, sigina, madubi, oda, salansar da ba ta wuce kima a ƙara ba, da wurin maƙala lamba inda za a iya karanta ta.

Lambar casis

A idon doka, lambar da aka buga a jikin firam ita ce sunan babur. Baburan zamani suna ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 bisa ƙa'idar duniya, wadda ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Ukun farko suna nuna kamfanin da ya ƙera da ƙasarsa. Na Bajaj daga Indiya, alal misali, suna farawa da MD2. Yawanci ana buga ta a wuyan firam. Inji kuma yana da tasa lambar daban.

Wannan ne ya sa wanda ya riƙe firam na asali mai lamba da takardu ya fi kowa sauƙin rajista, domin a wurin hukuma tsohon babur ne aka gyara. Wanda ya sayi firam a hannun 'yan gwangwan ba rasit, ko wanda walda ta cinye lambarsa, ya shiga tsaka mai wuya. Gogaggiyar lamba ko wadda aka sake bugawa ita ce alama ta farko da 'yan sanda ke nema a kan babur ɗin sata, kuma karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a jihohin Arewa. Dabarar ita ce a fara tara takardu tun kafin a kunna injin walda: rasit ɗin kowane babban sashe mai ɗauke da lambarsa da sunan mai sayarwa, yarjejeniyar ciniki da shaidu, takardun tsohon babur, da hotunan aikin mataki-mataki.

Matakan rajista a Najeriya

Aikin ya rabu tsakanin tarayya da jiha. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da tsarin lambobi na bai-ɗaya da rumbun bayanansu. Ofishin bayar da lasisi da ke ƙarƙashin hukumar tattara haraji ta jiha shi ke karɓar kuɗi ya miƙa lamba, jami'an VIO kuma su duba lafiyar abin hawa.

Mai neman rajista yakan cike fom ɗin da ke tambayar sunan kamfani, samfuri, launi, lambar casis da lambar inji. Yakan haɗa da shaidar mallaka, takardun kwastam idan daga waje aka shigo da babur ɗin, da katin shaidarsa. Bayan dubawa da biyan kuɗi sai a ba shi lamba da takardu. Launin rubutun lamba yana nuna aikinta: shuɗi na mai zaman kansa, ja na haya, kore na gwamnati. Idan babur yana da rajista tun asali sai aka sauya masa inji ko launi, ƙa'idojin zirga-zirga sun wajabta sanar da hukumar lasisi domin a gyara takardu.

Akwai ƙarin sharuɗɗa uku. Na farko inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna; a farashin da hukumar NAICOM ta tsayar daga 1 ga Janairun 2023, ta babur naira 3,000 ce a shekara, ta mai ƙafa uku naira 5,000. Ya kamata a faɗa wa kamfanin inshora sauye-sauyen da aka yi, domin ɓoye su na iya zama hujjar ƙin biya ranar da aka yi haɗari. Na biyu lasisin tuƙi rukunin A, wanda ba a bai wa ɗan ƙasa da shekara 18. Na uku hular kwano, wadda aka fara tilasta sa ta a faɗin ƙasa ranar 1 ga Janairun 2009.

Duk wanda ya duba fom ɗin zai ga an tsara shi ne da zaton babur ya fito daga masana'anta ko ya biyo ta hannun kwastam. Matashin da ya ƙera firam da hannunsa ba shi da sunan kamfani ko lambar casis da zai rubuta a gurbin. Shi ya sa ya fi dacewa ya je ofishin VIO da na lasisi na jiharsa da zanen aikin kafin ya fara, ya kuma nemi a ba shi amsa a rubuce.

Yadda wasu ƙasashe suka warware

Birtaniya tana da gwaji na musamman da ake kira MSVA, wanda hukumar DVSA ke yi wa babur ɗin da mutum ya ƙera ko wanda ba shi da shaidar amincewa ta masana'anta. Ana duba birki, fitilu, ƙara, hayaƙi da duk wani kaifi da zai iya yankar mai tafiya a ƙasa. Idan ya ci gwajin, hukumar DVLA ta yi masa rajista. Idan kuma ba a iya tabbatar da shekarunsa ko asalinsa ba, a ba shi lamba mai farawa da harafin Q, wadda ke sanar da duk mai saye halin da ake ciki. A jihar Kalifoniya ta Amurka, maƙerin yakan cike takardar bayanin yadda ya haɗa abin hawan, ya kawo rasit ɗin manyan sassa, sannan 'yan sandan manyan hanyoyi su duba su ba shi lambar casis. A duka wuraren biyu, hukuma ce ke raɗa wa sabon firam suna bayan ta gamsu cewa ba na sata ba ne kuma ba zai kashe kowa ba.

Babur da siyasar tsaro

A Arewa, batun lambar babur ya wuce harkar haraji. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi da ɗaukar mutum uku a babur ɗaya. A Yulin 2022, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya sanar cewa gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hana babura a faɗin ƙasa. A Nijar ma an hana hawa babur a sassan jihar Tillaberi daga farkon 2020. Hujjar hukumomi a ko'ina ɗaya ce: 'yan bindiga suna kai hari a kan baburan da ba a san masu su ba.

Idan aka kasa bambance babur ɗin ɗan bindiga da na manomi, hukunci yakan hau kan kowa, kuma wanda ya fi jin jiki shi ne wanda bai iya sayen sabo ba, da mai lalurar ƙafa da babur ɗin haɗi ne ƙafarsa. Rajista mai sauƙi da araha tana kare su daga kwace a shingen bincike, tana bai wa wanda aka sace wa babur hujjar nemansa, tana kuma ba hukuma damar bin sawun mai laifi ba tare da rufe wa jama'a hanyar abinci ba. Tun da ofisoshin lasisi da na VIO na jihohi ne, majalisun dokokin jihohi suna da hurumin neman a fito da rubutacciyar hanya ta duba babur ɗin haɗi, da bayyanannen farashi da wa'adin kammalawa.