Yadda Kuɗin Kwastan Ya Raya Garin Lome

'Yan uwa, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi asalin Lome, garin da da yawanmu ke ɗauko kaya daga tasharsa.

Kafin 1880 Lome ƙauye ne a bakin teku. Mutanen Ewe suna cewa wani maharbi mai suna Dzitri ne ya fara zama a wurin, kuma sunan garin ya samo asali ne daga itacen alo da ke fitowa a dajin.

Abin da ya tayar da ƙauyen ya faru ne a maƙwabta. A 1874 Turawan Ingila suka kama Keta, a 1879 suka haɗa da Denu da Aflao, suka ɗora kuɗin kwastan mai nauyi a kan barasa da taba. Da 'yan kasuwa suka ji nauyin, sai suka matsa gabas kaɗan, suka riƙa sauke kaya a rairayin Lome, inda hannun Ingila bai kai ba. Mutanen Anlo daga Keta, da na Aneho, da Turawa, duk suka kafa shaguna. Ba a jima ba ayarin fatakenmu Hausawa suka gangaro daga Salaga da goro da dabbobi, suka kafa Zango.

A watan Yuli na 1884 Gustav Nachtigal ya sa gaɓar a ƙarƙashin Jamus. A 1897 Jamusawa suka mayar da hedkwatarsu Lome. A 1904 suka gama gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku domin sauke kayan jirage. Daga nan layin dogo ya kai Aneho a 1905, Kpalime a 1907, Atakpame a 1911. Aneho da ta girmi Lome, ciniki ya bar ta a baya.

Darasi biyu muka ɗauko. Na farko, kaya kamar ruwa ne, inda ya sami gangara nan yake bi. Mun gani da idonmu a 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Benin, motoci suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso. Wannan hujja ce da ya kamata shugabanninmu su riƙa kaiwa gaban hukuma duk lokacin da ake batun ƙarin kuɗi ko shingayen hanya.

Na biyu, daɗewa a gari ba ta tsare wa mutum rumfa. A 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome, aka mayar da mutanensa arewacin gari, wajen Agoe. Don haka muna roƙon kowane mamba ya gyara takardun shagonsa da na zamansa, ya kawo kwafi ofis mu ajiye.

Allah ya yi wa kasuwarmu albarka, ya tsare mu a hanya.