Tuƙi cikin maye a Jihar Jigawa

Tuƙi cikin maye shi ne mutum ya ja mota, babur ko a-daidaita-sahu alhali barasa ko wani abin sa maye ya taɓa hankalinsa. A Jihar Jigawa, wadda aka ciro daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, laifin yana ƙarƙashin dokoki iri biyu: dokar hanya ta tarayya, da dokokin da suka hana Musulmi shan barasa.

Awon barasa a jini

Ana auna maye da yawan barasar da ke cikin jini. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa (FRSC) ta 2007 ta sa iyaka a gram 0.5 cikin kowace lita ɗaya ta jini, wato kashi 0.05 cikin ɗari, daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Norway ce ta fara kafa irin wannan iyaka a 1936. Ingila da galibin jihohin Amurka suna amfani da 0.08, Sweden kuwa 0.02.

Tun kafin mutum ya fara tangaɗi, barasa takan rage masa saurin taka birki da iya ƙiyasta nisa, ta kuma ƙara masa ƙarfin hali na banza. Yawan da ke hawa jini ya danganta da nauyin jiki, da jinsi, da ko akwai abinci a ciki. Hanta ce ke narkar da mafi yawanta, tana rage kimanin 0.015 cikin ɗari a awa guda. Goro, gahawa ko wanka da ruwan sanyi ba sa gaggauta wannan aiki, don haka wanda ya sha da yawa da dare zai iya wayar gari yana sama da iyaka.

A bakin hanya ana gwaji da na'urar da direba ke hura wa iska, wadda Ba'amurke Robert Borkenstein ya ƙirƙiro a 1954.

Tuhuma da hukunci

An kafa hukumar FRSC a 1988, kuma tana da ofishin jiha a Dutse. Jami'anta da 'yan sanda na iya kama direban da ya wuce iyaka, ko wanda maye ya hana shi sarrafa abin hawa. Dokar 2007 ta tanadi tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Darajar wannan tara ta zube ƙwarai tun daga lokacin. Idan tuƙin ganganci ya jawo asarar rai, ɗaurin na iya kaiwa shekara bakwai.

Shari'ar Musulunci

Jigawa ta fara aiki da Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. A nan ba a duba adadi: shan barasa kansa ne laifin, kaɗan ko da yawa, ko mutum ya tuƙa ko bai tuƙa ba. A mazhabar Malikiyya haddinsa bulala 80 ne, kuma ana tabbatar da shi da iƙirari, ko shaidu biyu adalai, ko warin giya a baki. Ke nan direba Musulmi a Jahun ko Kiyawa zai iya zama ƙasa da 0.05, bai karya dokar hanya ba, amma ya faɗa hannun Hisbah. Wanda ba Musulmi ba haddi ba ya hawansa, sai dai dokar hanya ta shafi kowa.

Ƙwayoyi

Da yake ba a sayar da giya a fili a garuruwan masarautar Dutse, abin da ya fi damun hukumomi shi ne ƙwayoyi irin su tramadol, da wiwi, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018. Wasu direbobin haya da 'yan acaɓa kan sha su don korar barci da gajiya. Dokar hanya ta haɗa da su, amma na'urar numfashi barasa kaɗai take ganowa. Ƙwaya sai an gwada fitsari, yawu ko jini. Fataucinsu kuwa hurumin hukumar NDLEA ne, wadda aka kafa a 1989.