Kofin Lancashire na 1992: kakar da aka rufe gasar zari-ruga mai shekara 87

Kofin Lancashire gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale da ƙungiyoyin zari-ruga na arewa maso yammacin Ingila suka riƙa yi daga 1905 zuwa 1992. Kakar 1992 ita ce karo na 80, kuma ita ce ta ƙarshe. Wigan ce ta ɗauki kofin bayan ta doke maƙwabciyarta St Helens da maki 5 da 4, ranar Lahadi 18 ga Oktoba, a filin Knowsley Road, gaban 'yan kallo 20,534.

Wace zari-ruga ce?

Zari-ruga iri biyu ce. Akwai mai 'yan wasa 15, wadda aka fi gani a talabijin idan Faransa ko Afirka ta Kudu na wasa, akwai kuma mai 'yan wasa 13, wadda Faransawa ke kira rugby à XIII. Kofin Lancashire na ta biyun ne. Rabuwar ta samo asali a 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka hadu a garin Huddersfield suka ɓalle daga hukumar ƙasa, saboda ta hana a biya 'yan wasa kuɗin aikin da suke rasawa ranar wasa. Yawancinsu ma'aikatan haƙar kwal ne da na masaƙu, wanda bai je aiki ranar Asabar ba an yanke masa lada. A 1906 aka rage 'yan wasa zuwa 13.

Lissafin maki a 1992 haka yake: wanda ya ruga da ƙwallo ya dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya ya ci maki 4, bugun ƙafa tsakanin sanduna daga wurin da aka ajiye ƙwallo maki 2, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a doka ta ana cikin wasa kuma maki 1 ne. Ƙungiya na riƙe ƙwallo har a kayar da 'yan wasanta sau shida, sannan ta miƙa ta ga ɗaya ɓangaren.

Yadda gasar take

An riƙa yin ta a farkon kaka, shi ya sa ita ce kofin farko da ƙungiya za ta iya kai wa gida a shekara. Tana da tagwaiya a gabashin duwatsun Pennines, wato Kofin Yorkshire, wanda shi ma aka fara a 1905. Wigan ce ta ci na farko, bayan ta yi canjaras babu ci da Leigh aka sake wasan. Yaƙe-yaƙen duniya biyu ne kaɗai suka taɓa tsayar da gasar.

Sunan Lancashire ya daɗe da zama na tarihi kawai. Tun gyaran iyakokin ƙananan hukumomi na 1974, Wigan ta koma ƙarƙashin yankin Manchester, St Helens ta koma Merseyside, Widnes da Warrington kuma suka faɗa Cheshire. Ƙungiyoyin Cumbria irin su Workington da Whitehaven suna shiga, har ma da ta Landan. Magoya baya dai ba su damu da taswirar gwamnati ba.

Hanyar zuwa wasan ƙarshe

St Helens ce ke riƙe da kofin, don ta doke Rochdale Hornets da 24 da 14 a 1991. Wigan kuwa ta ci sau huɗu a jere daga 1985 zuwa 1988, sannan ta yi shekara uku ba ta taɓa shi ba. A lokacin tana kan ganiyarta ƙarƙashin kocinta ɗan Ostareliya John Monie, kuma 'yan wasanta ba su da wata sana'a sai wasan, alhali a yawancin ƙungiyoyi mutum sai ya tashi daga aiki yake zuwa atisaye da yamma.

Wannan bambanci ya fito fili a ƙarshen Satumba, da Wigan ta lallasa Swinton da 78 da nema. Shaun Edwards shi kaɗai ya dangwala ƙwallo sau 10, ya kamo bajintar da abokin wasansa Martin Offiah ya yi a kan Leeds a watan Mayun shekarar. Masu bin zari-rugar Faransa sun san Edwards ta wata fuskar, domin a 2020 ya fara aikin horar da masu tsaron baya na tawagar Faransa mai 'yan wasa 15. Offiah kuma haifaffen Landan ne, iyayensa 'yan Najeriya, kuma Wigan ta saye shi daga Widnes a Janairun 1992 kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasan wannan zari-ruga ba kafin nan. Ita Swinton tana cikin halin ni 'yasu: a wannan shekarar ta sayar da filinta na Station Road saboda bashi, ta koma haya a filin ƙwallon ƙafa na garin Bury.

Wasan ƙarshe

Tsakanin Wigan da St Helens bai kai kilomita 20 ba, kuma hamayyarsu ta girmi gasar kanta. A watan Agusta St Helens ta riga ta doke Wigan da 17 da nema a wasan buɗe kaka, ga shi kuma a filinta za a yi wasan ƙarshen.

An yi minti 80 babu wanda ya tsallake layin wani. Duk makin Wigan daga ƙafar Frano Botica suka fito, ɗan Niyu Zilan da ya taɓa buga wa All Blacks kafin ya sauya sheƙa: bugu biyu masu maki 2, da ɗaya mai maki 1. Bernard Dwyer ya ci wa St Helens bugu biyu. Wannan maki ɗayan ne ya raba gardama. Ƙungiyar da ta zuba maki 78 makonni uku da suka wuce, mai Offiah da Edwards da matashi Jason Robinson, ta kasa dangwala ƙwallo ko sau ɗaya. Wanda ya zo kallon gudu bai samu ba, amma wasa ne da kuskure ɗaya zai iya juya shi har busar ƙarshe.

Da wannan nasara Wigan ta cika kofi 21, fiye da kowace ƙungiya. St Helens ta tsaya a 11.

Me ya sa aka soke ta?

Kalandar makonni biyu da suka biyo baya ta isa amsa. Kwana shida bayan wasan, ranar 24 ga Oktoba, Birtaniya ta kara da Ostareliya a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Wembley, ta sha kashi da 10 da 6 gaban mutum 73,631. Edwards da Offiah da Denis Betts da Andy Platt na Wigan duk sun buga. Ranar 30 ga wata kuma Wigan ta karɓi baƙuncin Brisbane Broncos a wasan zakarun ƙungiyoyin duniya, aka doke ta da 22 da 8 a gida. Manyan wasanni uku ke nan cikin kwana 13 a wasan da ake haɗa jiki da jiki. Bayan haka akwai gasar lig, da Challenge Cup, da Regal Trophy, da Premiership, duk a kaka guda.

A 1993 hukumar wasan ta soke kofunan Lancashire da Yorkshire gaba ɗaya, da hujjar cewa wasanni sun yi yawa. Hujjar tana da ƙarfi ga Wigan da 'yan tsirarun ƙungiyoyin da ke kaiwa ƙarshen kowace gasa. Ga sauran kuwa asara ce. Ƙungiya kamar Rochdale, da ta kai wasan ƙarshe a 1991, ko Oldham da ta kai a 1989, ba ta da wata hanyar kusantar kofi mai sauƙin wannan, kuma ranar da ƙuri'a ta haɗa ta da babbar maƙwabciya ita ce ranar cinikin tikiti. Ba za a ce jama'a sun gaji da gasar ba tunda sama da mutum 20,000 sun cika Knowsley Road, sai dai sakamako irin na 78 da nema ya ba masu son sokewa abin kafa hujja. A Yorkshire, Wakefield Trinity ce ta ɗauki na ƙarshe, da ta doke Sheffield Eagles da 29 da 16.

Wigan da St Helens sun ci gaba da ja-in-ja har ƙarshen kakar. St Helens ta rama da 41 da 6 a ƙarshen Disamba, suka yi 8 da 8 a lokacin Ista, suka gama lig da maki daidai, Wigan ta zama zakara da ratar makin da ta ci. St Helens ta doke ta da 10 da 4 a wasan ƙarshe na Premiership a Old Trafford.

A 1996 aka kafa Super League, aka mayar da wasan daga hunturu zuwa bazara. Wigan ta bar filinta na Central Park a 1999, aka gina babban kanti a wurin. St Helens ta yi wasanta na ƙarshe a Knowsley Road a 2010, yanzu gidaje ne a filin.