Daga Lifidi Zuwa Katifar Auduga

Kafin ɗinkin cushe ya zama abin kwanciya a ƙasar Hausa, kayan yaƙi ne. Lifidi ke nan: ƙyalle biyu, a shimfiɗa audugar gona ko ta rimi a tsakaninsu, a bi da basilla layi-layi har ya daddale, sannan a rufa wa doki tun daga wuya har gwiwa, mahayin ma ya sa nasa. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Kibiyar da ta sami lifidi mai kyau sai ta maƙale cikin auduga, dafinta ya ƙare a nan bai taɓa jini ba.

Mu mutanen Adar a tsakiyar masu wannan kaya muka zauna. Kabi ta riƙe ƙasar har Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ƙwace ta a 1674, ga Gobir a maƙwabta, daga baya Sakkwato ta taso. Amma a ganina ƙasarmu ba ta lifidi ba ce sosai. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Keita, ya ga duwatsu da kwazazzabai, ya san dokin da aka lafta wa wannan nauyi ba zai yi nisa ba, balle cikin zafin bazara. Abzinawan arewa sun fi dogara ga garkuwar fatar walwaji da takobi da saurin raƙumi. Lifidi na manyan sarakuna ne, masu halin ciyar da ingarma da riƙe barorin da za su tashi mahayi in ya faɗi.

Ko a hannunsu ma ba kullum yake ceto ba. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, Yunfa Sarkin Gobir ya zo da ƴan lifida da Abzinawa. Jama'ar Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi, mafi yawansu ƴan baka ne a ƙasa, kuma su suka yi nasara. Da Turawan Ingila suka iso Sakkwato a watan Maris 1903, harsashi bai san da zaman auduga ba.

Yaƙin ya wuce, ɗinkin ya rage a hannun masu katifa da matashin kai da akumarin jaki. Auduga ba ta yi wuya ba, tunda ana nomanta a kwarin Majiya, har kamfanin auduga na Faransa ya kafa injin gurza a Madawa.

A wurin kawuna na ga aikin da idona. Kafin aure mata kan kawo masa tsohuwar katifa, ya farke ta, ya shiɓe audugar da baka har ta tashi fara sol, ƙura ta cika zaure. Matan Amurka da Ingila masu ɗinkin bargo kan ɗame ƙyallen cikin zoben katako, in sun zo gefe sai sun ƙara wani tsumma kafin zoben ya kama. Kawu tabarma ce kawai da babban yatsan ƙafarsa: ya take gefe ɗaya, ya ja ɗayan da hagu, dama na suka. Daga tsakiya yake farawa, saboda kowane layi yana tura auduga waje, sai bakin ya kumbura. Nan yake rage gudu. Ya zare abin da ya yi yawa, ya dunƙula shi cikin kusurwa, ya lanƙwasa ƙyallen sama da na ƙasa ciki, ya yi kalmasa biyu da abawar da ya goga wa kakin zuma. Ranar da na roƙa ya ba ni basilla, tsakiya ya nuna mini.

"Kawu, bakin fa?"

"Ɗan nan, baki ba naka ba ne tukuna. In ya ɓalle, audugar duka ta bi shi."

Ina jin haka mai ɗinka lifidi ya yi tunani, sai dai shi ran mutum ne a hannunsa, domin gefen lifidi ne ke gogar ƙaya da ƙafar doki.

Katifar soso da ke shigowa ta Konni ta karya wannan sana'a, kuma ban ga laifin amaren da suka zaɓe ta ba, don ba ta da nauyi, ba ta bukatar shiɓa. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran masu aikin ba su koya ba. Lifidi kansa yanzu sai a hawan sallah a birane irin su Kano da Katsina, kuma UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya a 2024. A Tawa kuwa, mai son ganin wannan suka sai ya nemi masu akumari ranar kasuwa, ko ƴan tsirarun dattawan da har yanzu ake kai wa tsohuwar katifa su farke su sake.