Nawa masu horar da motsa jiki ke samu? Bayani kan albashi, kaso da haƙƙoƙinsu daga Katsina zuwa iyakar Jibiya

Mai horar da rukunin motsa jiki shi ne wanda ke tsayawa gaban mutane goma, ashirin ko fiye, yana jagorantar su a atisaye na tsawon minti 45 zuwa awa guda, ko dai a cikin gidan motsa jiki ko a fili. Aikinsa ya bambanta da na kocin ƙwallon ƙafa, wanda ke shirya ’yan wasa domin gasa, ya kuma bambanta da na mai horar da mutum ɗaya a keɓe. Yawancin waɗanda ke bin sa ’yan kasuwa ne da ma’aikatan gwamnati da matan aure, kuma abin da ke kawo su shi ne rage ƙiba ko bin shawarar likita kan hawan jini da ciwon suga.

Buƙatar wannan aiki na ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kowane baligi ya riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma alƙaluman da ta fitar a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma’auni. Sai dai ƙaruwar masu buƙata ba ta nufin aljihun mai horarwa ya cika, domin abin da yake samu ya dogara ne da irin yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai wurin.

Hanyoyi huɗu da ake biya

Babu wani tsarin albashi na ƙasa da aka keɓe wa wannan sana’a a Najeriya. Abin da ake bi shi ne ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce albashin wata. Manyan otal-otal da manyan gidajen motsa jiki kan ɗauki mai horarwa a matsayin cikakken ma’aikaci, ya kula da aji safe da yamma, ya kuma sa ido a kan masu amfani da injuna. Amfanin wannan tsari shi ne kuɗin na shigowa ko jama’a sun zo ko ba su zo ba. Illarsa kuwa, ko ajin ya ninka, albashin yana nan yadda yake.

Ta biyu ita ce biya a kan kowane zama. Ana ƙidaya azuzuwan da ya jagoranta a mako ko a wata, a biya shi gwargwadonsu. Ranar da ya yi rashin lafiya ko aka rufe wurin, babu abin da zai karɓa.

Ta uku ita ce raba kaso. Mai wuri da mai horarwa su amince a kan rabon kuɗin da ’yan aji ke biya, wani lokaci da ƙarin kamasho a kan duk sabon mutumin da mai horarwa ya kawo.

Ta huɗu ita ce zaman kai. Mai horarwa ya tara mutanensa a harabar filin wasa ko filin makaranta, ya karɓi kuɗin wata kai-tsaye daga hannunsu. A birane irin su Katsina, mai Filin Wasa na Muhammadu Dikko, da Kano, mai Filin Wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, kewayen filayen wasa na daga cikin wuraren da masu motsa jiki ke haɗuwa da sassafe, musamman a ƙarshen mako.

Yadda ake lissafin abin da ke saura

Ga misalin lissafi da kowa zai iya sauya wa alƙaluma gwargwadon farashin garinsu. A ce aji na da mutum 20, kowanne yana biyan Naira 5,000 a wata. Jimilla Naira 100,000 ke nan. Idan yarjejeniya ta ba mai horarwa kashi 40 cikin 100, rabonsa Naira 40,000 ne. Idan ajin na zama sau uku a mako, wato sau 12 a wata, kowane zama ya tashi a kan Naira 3,300 da ’yan kai.

Daga nan sai a cire kuɗin mota. Idan zuwa da dawowa na cin Naira 1,000, an zabtare Naira 12,000, saura Naira 28,000. Kafin ya kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a kan wannan lissafi, sai ya riƙe irin wannan aji har uku. Idan kuma mutum biyar suka daina zuwa daga aji ɗaya, rabonsa a ajin ya sauko daga Naira 40,000 zuwa Naira 30,000, alhali kuɗin motarsa bai ragu ba.

Wannan ne dalilin da ya sa da yawa daga masu sana’ar ba sa tsayawa a kan aji kaɗai. Wasu kan bi attajirai gida su horar da su a keɓe, inda kuɗin mutum ɗaya kan zarce na ’yan aji da dama. Wasu kan tsara wa mutane jadawalin atisaye ta WhatsApp, wasu kuma malaman makaranta ne da ke yin aikin kafin su tafi aji ko bayan an tashi.

Abin da doka ta tanada

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000, wanda aka tsayar a 2019, zuwa Naira 70,000. Amma dokar ba ta shafi wurin da ma’aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi masu aikin wucin-gadi na ’yan awoyi ko waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da suka yi ba. Ƙananan gidajen motsa jiki na unguwa galibi suna cikin waɗannan rukunai, don haka mai horarwa ba zai iya dogara da dokar wajen neman Naira 70,000 ba, sai dai ya yi amfani da adadin a matsayin ma’aunin ciniki.

Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma’aikata 15 ko fiye ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashin ma’aikaci a asusun fansho, shi kuma ma’aikacin ya zuba kashi 8. Masu zaman kansu suna da damar shiga ƙaramin tsarin fansho da aka ƙaddamar a 2019 domin masu sana’o’in hannu. Dokar Biyan Diyyar Ma’aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma wannan na da muhimmanci a sana’ar da targaɗe ko ciwon gwiwa kan dakatar da mutum makonni. Dokar Ƙwadago kuma ta ce a ba ma’aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki.

Takardar shaida da aikin gwamnati

Masu son yin karatun fannin na iya samun sa a sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami’ar Bayero da ke Kano, da kuma kwalejojin ilimi. Akwai Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda ke horar da masu koyar da wasanni. Wasu kan ƙara da takardun ƙetare irin su ACE da NASM na Amurka, ko lasisin Zumba, waɗanda ake biyan kuɗinsu da dala.

Wanda ya shiga aikin gwamnati da wannan ilimi, a matsayin malamin motsa jiki ko koci a hukumar wasanni ta jiha, albashinsa na bin matakin aiki ne: mai NCE kan fara daga mataki na 07, mai digiri daga mataki na 08. Wannan ita ce hanyar da ta fi tabbas ta fuskar albashi da fansho, kuma ita ke ba wasu sukunin riƙe aji na kashin kansu a gefe.

Tsadar gudanar da wuri

Kason mai horarwa na fitowa ne daga abin da ya saura bayan mai wuri ya biya haya da wuta da gyaran injuna. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin tayar da janareto da kuɗin mota. A watan Afrilun 2024 kuma aka ninka kuɗin wutar masu rukunin A fiye da sau uku, zuwa Naira 225 a kan kowane ma’auni, lamarin da ya shafi abokan hulɗar kamfanin KEDCO da ke wannan rukuni a Kano da Katsina da Jigawa. Injin gudu da na’urar sanyaya ɗaki na shan wuta sosai, kuma yawancin kayan daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar Naira na ƙara musu tsada. Aji na rukuni ya fi sauƙin ɗawainiya, domin tabarma da igiyar tsalle da lasifika sun wadatar.

Halin da ake ciki a garin kan iyaka

Jibiya, wadda ke da iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ta Magama da Ɗan Issa, ta nuna yadda kasuwar gari ke juya irin wannan sana’a. Masu ƙarfin biyan kuɗin wata a irin wannan wuri su ne ’yan kasuwa da dillalan fiton kaya da jami’an kwastam da na shige da fice. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. An sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, sannan Najeriya ta ɗage takunkumin a Maris na 2024. Duk lokacin da hada-hada ta tsaya, kuɗin motsa jiki na cikin abubuwan farko da magidanci ke yankewa daga kasafinsa. Matsalar ’yan bindiga a yankin ma ta sa fita bayan gari da asuba domin gudu ba abu ne da kowa zai yi da kwanciyar hankali ba.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ya ratsa ta Katsina da Jibiya, kuma ƙaruwar ma’aikata da masaukan baƙi na daga cikin abubuwan da ke samar wa irin wannan sana’a kasuwa.

Lokaci da jinsi

Samun mai horarwa ba ya tafiya daidai a tsawon shekara. A watan Azumi ajin safe kan watse, wasu su koma bayan Tarawihi. Sanyin hunturu da ruwan damina kan rage masu fita fili. Mai hangen nesa kan karɓi kuɗin wata uku a dunƙule tare da rangwame domin cike wannan giɓi.

A ɓangaren mata, al’ada da addini sun sa da yawa ba sa shiga aji sai wanda mace ke jagoranta a killataccen wuri. Wannan ya buɗe wa mata masu ilimin fannin ƙofar da maza ba sa iya shiga, ciki har da horarwa a cikin gidaje.

Kwatanci da ƙetare

A Amurka, hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ta ba da matsakaicin abin da masu horar da motsa jiki ke samu a shekara a matsayin dala 46,480 a watan Mayun 2023. Ko a can ɗin, da yawa daga masu jagorantar aji ana biyan su ne a kan kowane zama, kuma suna zagaya wurare fiye da ɗaya domin su haɗa abin da zai ishe su.

Abin da ya kamata a rubuta kafin a fara

Kafin mai horarwa ya karɓi aiki, ya dace yarjejeniya ta fayyace hanyar biya da ranar biya, yawan azuzuwa a mako, wanda ke riƙe rajistar ’yan aji, makomar kuɗinsa a ranakun da aka rufe wuri, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan shi ko ɗan aji ya ji rauni. Ya kuma kamata a bayyana ko yana da izinin horar da ’yan ajin a keɓe a wajen wurin, domin wannan batu na daga cikin waɗanda suka fi haddasa saɓani tsakanin masu wuri da masu horarwa.