Tarihin Babbar Manhajar Kwamfuta da Rabe-rabenta

Babbar manhaja ita ce ke tsaye tsakanin injin kwamfuta da sauran manhajoji. Ita ke raba musu ma'adanar bayanai da lokacin aiki, ita ke kula da allo da madannai da firinta. Kwamfutocin farko ba su da ita. A farkon shekarun 1950, mai aiki kan zo da tarin katuna masu huji, ya riƙe injin shi kaɗai har ya gama, sannan injin mai ɗan karen tsada ya zauna a banza kafin na gaba ya shirya.

Wannan asarar ce ta haifar da rukunin farko, na aikin jeri. A 1956 kamfanonin General Motors da North American Aviation suka samar da GM-NAA I/O domin kwamfutar IBM 704, wadda ke ɗauko aiki na gaba da zarar na baya ya ƙare. Sai dai wanda ya miƙa katunansa da safe yakan jira sa'o'i, sannan ya tarar kuskuren waƙafi ɗaya ya ɓata komai. Maganin shi ne tsarin karɓa-karɓa. CTSS, wadda Fernando Corbató ya jagoranta a jami'ar MIT ta Amurka a 1961, tana ba kowa ɗan lokaci bi da bi, cikin saurin da kowa ke ɗauka injin nasa ne shi kaɗai. Daga nan aka fara bambanta mai hidimar mutum ɗaya da mai hidimar jama'a.

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a Bell Labs, aka sake rubuta ta da harshen C a 1973, abin da ya sa ana iya ɗauke ta daga wannan inji zuwa wancan. Babu wadda ta kai ta yawan zuriya. Daga reshenta na BSD ne macOS da iOS suka gaji sassa masu yawa. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kwaikwayon Unix ta yi ba tare da ɗaukar rubutunta ba, kuma kowa na iya dubawa ya gyara ta. A kanta aka gina Android ta 2008, wadda ke cikin wayoyin Samsung da Tecno.

Bayan gidan Unix, ɗaya gidan na Microsoft ne: MS-DOS a 1981, Windows a 1985, sai Windows NT a 1993, tushen Windows ta yau, kuma kamfanin bai buɗe rubutun Windows ga jama'a ba.

Akwai kuma rukunin da ba a cika gani ba, na nan-take, wanda dole ya amsa cikin ƙayyadadden lokaci, domin a birkin mota ko na'urar asibiti jinkiri kansa kuskure ne. VxWorks ta wannan rukuni ce ke tafiyar da Curiosity, motar binciken da ta sauka duniyar Mars a 2012.