Gasar Tsara Sauƙin Amfani da Manhaja ga Ɗaliban Manyan Digiri: Bayani ga Al'ummar Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, hulɗar jama'a da bankuna da hukumomi da abokan ciniki take ta komawa cikin waya sannu a hankali. A yau manomi kan tura kuɗi, ya tambayi farashin hatsi, ya karɓi saƙon hukuma, duk ta ɗan allon da ke tafin hannunsa. Saboda haka duk manhajar da aka tsara ba tare da la'akari da shi ba, ta rufe masa ƙofar haƙƙinsa ne, ko da kuwa ba da gangan aka yi ba. A wannan shafi mun kawo bayani a kan fannin ilimin da ke kula da wannan matsala, da gasannin da ake shirya wa ɗalibai a kansa, da kuma abin da ya shafi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi a ciki.

Ma'anar fannin

Tsara sauƙin amfani, wanda masana ke taƙaita sunansa da UX, shi ne nazarin yadda mutum yake ji da yadda yake yi a lokacin da yake aiki da wata na'ura ko manhaja, sannan a gyara tsarinta gwargwadon abin da aka gani. Ƙawata allo da launuka ɗan yanki ne kawai na aikin. Ginshiƙinsa shi ne mai amfani ya cim ma buƙatarsa ba tare da ruɗewa ba, ba tare da asara ba, kuma ba sai ya nemi wani ya yi masa ba.

Masanin nan ɗan Amurka, Donald Norman, shi ya yaɗa sunan fannin bayan ya fara aiki da kamfanin Apple a shekarar 1993. A shekarar 1994 Jakob Nielsen ya fitar da ƙa'idoji goma na auna sauƙin manhaja, waɗanda suka haɗa da cewa ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki, ta yi masa magana da kalmomin da ya sani, ta kuma ba shi damar janye kuskure. A shekarar 2010 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da ma'auni mai lamba ISO 9241-210 a kan tsarin da ya sa ɗan Adam a gaba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya zuwa dutsen Dala neman tama, kuma zuriyarsa ake kira Abagayawa. Maƙerin kirki ba ya ƙera fartanya sai ya san ƙasar da za a noma da ƙarfin wanda zai riƙe ta, domin ta yaro daban, ta magidanci daban. Abin da ake nema ke nan ga mai tsara manhaja.

Fitattun gasanni

Gasar da ta fi suna a wannan fanni ita ce ta babban taron CHI, wanda ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM take shiryawa kowace shekara tun farkon shekarun 1980. An fara gasar ɗalibai a taron shekarar 2004 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A kan ba ɗalibai wata matsala ta zamantakewa su nemo mata mafita. Alal misali, a shekarar 2005 an duba kaɗaicin tsofaffi, a shekarar 2008 kuma halin da marasa muhalli suke ciki. An buɗe ƙofarta ga ɗaliban digiri na farko da na manyan digiri.

Har ila yau akwai gasar Imagine Cup da kamfanin Microsoft ya fara a shekarar 2003, wadda aka yi zagayenta na ƙarshe na shekarar 2009 a birnin Alƙahira. A nahiyarmu kuwa, an yi taron AfriCHI na farko a Nairobi a shekarar 2016, na biyu a Windhoek ta ƙasar Namibiya a shekarar 2018, domin masanan Afirka su tattauna matsalolinsu da kansu.

Yadda ake gudanarwa

Ƙa'idoji kan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara, amma tsarin da aka saba da shi a gasar CHI mataki uku ne. Da farko ɗalibai kan haɗu a ƙaramin rukuni su aika da taƙaitaccen rubutu mai bayyana matsalar, da mutanen da suka yi nazari a kansu, da mafitar da suka tsara. Waɗanda aka zaɓa sai su baje aikinsu a kan babbar takardar bango a wurin taro, su amsa tambayoyi. Daga nan a ware kaɗan su yi jawabi a gaban alƙalai.

Abin da alƙalai suka fi dubawa shi ne hujja. Sukan tambaya: wa kuka je kuka gani? Me ya gagare shi? Me kuka sauya bayan kun ga ya gagare shi? Rukunin da ya zo da zane mai kyau amma bai taɓa miƙa shi ga mai amfani na gaskiya ba, da wuya ya kai labari.

Abin da ya shafi Gaya da Ajingi

Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutane 201,016 a ƙaramar hukumar Gaya da 174,137 a Ajingi, galibinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Dokar jiha ta shekarar 2024 ta haɗa su da Albasu a ƙarƙashin Masarautar Gaya. Abubuwa biyu da suka faru sun isa misali a kan muhimmancin wannan fanni gare su.

Na farko shi ne shirin tallafin taki na Gwamnatin Tarayya da aka fara a shekarar 2012, lokacin da Dakta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona. Manomin da ya yi rajista yakan sami saƙon waya da zai nuna ya karɓi taki buhu biyu a kan rabin farashi. Shirin ya kai taki ga manoma masu yawa, amma inda babu sabis, ko manomi ba shi da waya, ko ba ya iya karanta saƙon, sai hanyar ta yi masa wuya. Na biyu shi ne ƙarancin takardun kuɗi a farkon shekarar 2023 bayan sauya fasalin naira, wanda ya tilasta wa mutanen karkara tura kuɗi ta waya da kuma dogaro da masu POS, alhali da yawansu ba su taɓa yi ba.

Ga kaɗan daga cikin abubuwan da mai tsarawa zai tarar a wannan yanki:

1. Rubutu. Akwai dattawa da almajirai masu karanta ajami sarai amma boko yana ba su wahala, akwai kuma waɗanda murya ce kaɗai za ta isar musu da saƙo.

2. Haruffa masu lanƙwasa. Manhajar da ba ta bambanta ƙasa da kasa ba, ko ta kasa gano suna saboda an rubuta shi da ɗ maimakon d, za ta ɓatar da mai nema.

3. Ma'auni da lissafi. A kasuwa da mudu da tiya da buhu ake ciniki, kuma idan dattijo ya ce jaka biyar, naira dubu ɗaya yake nufi.

4. Waya ɗaya, mutane da yawa. A gidaje da dama miji da mata da 'ya'ya waya guda suke amfani da ita, wanda ya shafi sirrin lambar banki da saƙon asibiti.

5. Ƙaramar waya da caji. Da yawa ba su da babbar waya, kuma kuɗi suke biya a yi musu caji, don haka duk matakin da aka ƙara tsada ce.

Binciken da Indrani Medhi ta yi a cibiyar Microsoft da ke Bangalor ta ƙasar Indiya a shekarun 2000 ya nuna cewa marasa karatu sun fi gane murya da zane mai sauƙi, kuma jerin zaɓi mai rassa da yawa yana rikita su. Shigar Hausa cikin manhajar fassara ta Google a shekarar 2013 da Facebook a shekarar 2016 ci gaba ne, amma fassara kalmomi kaɗai ba ta warware waɗannan matsaloli biyar ba.

Shawara ga ɗalibai

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wadda ta fara karatu a shekarar 2001 aka kuma sauya mata suna a 2022, tana maƙwabtaka da wannan yanki. Haka nan Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, da Jami'ar Bayero ta Kano ba su da nisa. Ga ɗaliban waɗannan jami'o'i muna ba da shawara kamar haka. Su fara da gaisuwa wurin hakimi da dagaci da mai unguwa kafin su shiga gari bincike. Su sa mace a cikin rukuninsu, domin ita ce za ta iya shiga gida ta tattauna da matan aure. Su nemi yardar duk wanda za su yi hira da shi, kada su ɗauki hotonsa ko muryarsa sai ya amince. Su fara gwaji da zane a takarda kafin su kashe kuɗi a kan manhaja. Nielsen ya nuna a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin tsari, don haka rashin kuɗi ba uzuri ba ne. A lokacin gwaji su kame bakinsu su zuba ido, domin kara da mutanenmu suke da ita kan sa su yaba abin da bai yi musu ba.

Kammalawa

Ɗalibin da ya tashi a Gaya ko Ajingi yana da abin da takwaransa na wata ƙasa ba zai samu a littafi ba, wato harshen jama'a da amincewarsu da sanin yadda suke rayuwa. Idan ya haɗa wannan da ingantaccen bincike, aikinsa zai iya tsayawa a gaban alƙalan kowace gasa. Ko bai ci kyauta ba, manhajar da tsohuwa a ƙauye ta iya karɓar kuɗin da ɗanta ya aiko mata da ita, ba tare da ta ba wani lambar sirrinta ba, ta riga ta biya buƙatar da aka yi ta dominta.